Sallau Mai Hoton Mazari

Sallau bai taɓa shanye kofin shayi a zaune ba. Na farko a tsaye yake karɓarsa, na biyu sai an bi shi da shi bakin titi, na uku kuwa ni nake shanye masa. In ka matsa masa ya zauna a benci, ƙafarsa ta dama ba ta daina rawa, har kofunan mai shayi su riƙa ƙara. Tun muna lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi haka yake. Benci ɗaya muka zauna har muka faɗi jarrabawa tare. Ni Ishaku na kama babur, na zama ɗan kabu-kabu, ina nan inda aka binne cibiyata. Shi kuwa ya kama hanya.

Bara ya rasu. Abin da ake faɗa a kansa a cikin gari ba haka yake ba, ni kuma ina wurin, shi ya sa nake son in faɗi nawa.

Ya yi dako a Kamba. Ya yi tallan agogo a Abijan. A Kwatano ya zauna wajen wani mai hoto har ya iya aikin, daga nan sai muka ji shi a Libiya. Duk dawowar da zai yi, yana ajiye jaka zai ɗaga hannu ya ce, "Na dawo ke nan, ko da kuɗi ba a ƙara ganina bisa hanya." Kafin wata biyu ka same shi a tasha yana tambayar direbobi yadda hanya take. Ba neman arziki ke korarsa ba, don bai taɓa dawowa da abin kirki ba. Zaman ne ba ya iyawa. Yana Libiya mahaifiyarsa ta rasu, bai iso ba sai da aka daɗe da tashi daga zaman makoki. Ranar na ga Sallau ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana kuka kamar yaro, sai na dafa bayansa kawai.

Matarsa Lantana, 'yar garin Kore Mairuwa ce, mai haƙuri, suna da 'ya'ya mata biyu, Amira da Fa'iza. A gabana ta yi masa magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Amira, ga abokinka nan shaida. Ɗiyan ga sun girma ba su san tafiyarka ba sai ta baya. In ka sake hita, ni ma na san hanyar gidanmu."

Ya ce ya ji. Abin da take so da abin da nake so ɗaya ne: Sallau ya zauna. Ya tsufa a inda za mu gan shi, in ya mutu mu wanke shi da hannunmu.

Ya kama ɗan shago ya rataya farin ƙyalle a bango, ya fara ɗaukar hoto da tsohuwar kyamarar da ya zo da ita daga Kwatano. Sai dai shagon a bakin tasha yake. Na ce masa, "Kai da shago bakin tasha? Ai an ba kura ajiyar akuya." Ya yi dariya ya ce in je in nemi fasinja, direban ƙafa biyu. Aikin kuma ba yawa, don kowa da wayar salularsa mai ɗaukar hoto yanzu. Abin da ya rage masa hoton katin ɗan ƙasa ne, da na 'yan makaranta lokacin jarrabawa, sai biki ko suna jefi-jefi. Sauran yinin yana kai da kawo a ƙofar shago, idonsa a kan motocin Agadas. Duk sanda na wuce na hango shi haka, sai gabana ya faɗi.

Wata ranar damina aka kira shi suna a Kore Mairuwa, na goya shi. Mun yi nisa taya ta yi faci, daidai wani tabki da ke gefen hanya, mai babbar tsamiya a bakinsa. Na zauna gyara. Shi ya zagaya ni, ya zagaya babur, ya jefi ruwa da tsakuwa, ya gaji, sai ya kwance gilashin gaban kyamarar, wanda muke ce wa ido, don ya goge shi. Yana gogewa ya juya shi baibai ya leƙa, ya ga fatar babban yatsansa ta zama kamar kunyoyin gona. Daga nan ban ƙara jin motsinsa ba.

Da na gama na ɗaga kai, ban gan shi ba. Na gangara bakin ruwa. Ga Sallau kwance rub da ciki cikin taɓo, da shaddarsa ta zuwa suna, ya danna idon nan baibai a bakin kyamara da hannu ɗaya. A gabansa, kusa da gilashin har kamar zai taɓa, wani jan mazari na zaune a kan ciyawa.

"Kai Sallau! An gama. Tashi mu tahi."

Ƙafar nan ta dama na duba. Ba ta motsi. Tun muna yara ban taɓa ganinta haka ba, har tsoro ya kama ni.

Sai da mazarin ya tashi don kansa sannan ya mirgina ya saki numfashi kamar wanda ya fito daga rijiya.

"Ishaku! Shina da huska. Wallahi shina da baki, kuma shina goge idonai da hannu awa mage!"

"To sannu. Ragon mutane fa?"

"Bari dai ka gani, jahili."

Na leƙa ɗan allon bayan kyamarar. Duhu-duhu ne, ya karkace, amma lalle ga wani abu nan yana kallona. Muka isa sunan an raɗa an watse, maigidan ya kalli shaddar Sallau ya tambaye ni ko hatsari muka yi.

Daga ranar Sallau ya samu abin yi. Ya yanko robar tsohon tub na taya a wurina ya ɗaure idon baibai don hannunsa ya huta. Ya bayyana mini wahalar abin: in an juya idon haka, abin da ke fita tangaran bai fi kaurin reza ba. Ka matsa gaba kaɗan, ido ya ɓace. Ka ja baya kaɗan, sai fiffike. Dole ka riƙe numfashi, ka riƙa tura jikinka a hankali har wurin ya faɗo, sannan ka danna. In ka yi magana ƙirjinka ya motsa, shi ke nan, an yi asara. Ya lura mazari na da inda yake so: in ya tashi ya kamo sauro, kan tsinken da ya bari yake dawowa. Sai Sallau ya riƙa kakkafa karan gero a gefen ruwa yana yi musu wurin sauka, wanda suka fi so ya ɗaura masa jan ƙyalle don ya gane shi gobe. Ya ɗauko farin farantin Lantana yana jingine shi a ƙasa, ya riƙa mayar da hasken rana ƙarƙashin fiffike. Ya daina sa fararen kaya, sai wata tsohuwar baƙar riga, kuma yana shafa taɓo a hannu, wai ƙyallin fata na korarsu.

Har sunaye ya ba su. Jan nan shi ne Soja, don ba ya barin kowa ya sauka a karansa. Akwai wani shuɗi mai kamar an barbaɗa masa toka, wannan Alhaji ne, ba ya gaggawa. Akwai kuma masu ruwan ɗorawa da ke zuwa da yawa bayan ruwan farko, suna ta shawagi sama da gonaki, ba ka taɓa ganin sun sauka.

"Waɗancan 'yan uwana ne," in ji shi. "Ba a samun hotonsu. Ba su da adireshi."

Da an sallame asuba nake kai shi, lokacin raɓa ta jiƙa musu fiffike ba su iya tashi. In koma aikina, in dawo in ɗauke shi ya buɗe shago. Damina ta yi nisa, gero ya yi kai, Sallau bai tambayi direba ko ɗaya hanya ba. Wata rana na kawo shi gida duk taɓo, Lantana ta miƙo mini kwanon fura ta bayan zana, ta ce a hankali, "Ko mi kake kai shi yi, ci gaba da kai shi." Ban taɓa shan fura mai daɗin wannan ba.

Abu ɗaya ya rage masa. Ya ga in rana ta take, mazari na ɗaga wutsiya sama ya miƙe ta tsaye kamar mai nuna rana da yatsa. Yana son wannan hoton, kuma ba a samunsa sai tsakar rana. To tabkin nan mai tsamiya, tun kakanni an san na aljana Doguwa ne. Mata na ɗiban ruwa da safe, makiyaya na shayarwa da yamma, amma ba mai tsayawa wurin in inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Ni da shi mun san haka. Mun ɗauka zancen tsofaffi ne, ya wuce.

Wata rana na sauke shi da hantsi na tafi. Baba Ɗanmalam, dattijo ne, aminin mahaifin Sallau, yana dawowa daga gona a kan jaki. Ya hango mutum kwance a bakin ruwa da baƙar riga, hannuwa duk taɓo, ga kara a jere da jajayen ƙyallaye, ga farin faranti a ajiye. Ya matso ya gane Sallau ne. Ya yi sallama. Ya sake. Ya ɗaga murya ya kira shi da sunansa da na ubansa. Sallau na ji sarai, amma a daidai lokacin Soja ya fara ɗaga wutsiya, abin da ya yi makonni yana jira. Ya ce a ransa bari ya danna tukuna. Kafin ya danna ya juyo, tsoho ya kaɗa jakinsa yana ta karanto addu'a.

A wurinmu mutum na iya cin bashinka ya hana, a yafe masa. Amma babba ya yi maka sallama kana kwance ka ƙi amsawa, ba mai cewa rashin kunya ce. Cewa za a yi ba kai ba ne a cikin jikin. Da la'asar Sallau ya yi wanka ya tafi ba da haƙuri, ya tarar labari ya riga shi shiga gari.

Washegari mutum biyu suka zo gidansa, ni ma Lantana ta aika aka kira ni. Ta farko Gwaggo Habsatu, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwar 'yar bori. Na biyu ƙanensa Rashid, mai shagon kayan masarufi a kasuwa, mai gemu da ɗangalallen wando, wanda ya yi shekaru bai ci abincin gidan Gwaggo ba. Suka zauna a tsakar gida, kowa ya ba ɗan uwansa gefe.

"Kiranai anka yi," in ji Gwaggo. "Jan ƙyalle da hwarin kwano, wa ya koya mai? Abin gidanmu ne tun kakanku. Ba a gardama da mutanen ruwa. A yi mai girka shi huta."

"Gwaggo, ki ji tsoron Allah," in ji Rashid. "Shafar aljani ce, ruƙiyya za a yi. Yaya, dama na sha gaya maka hoton abu mai rai..."

"Kai ruhe mini baki, mai guntun wando. Ni na wanke maka kashi."

"Ko ke kika wanke, gaskiya ɗaya ce."

Sallau yana tsaye yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce su dakata, yanzu zai raba gardama. Ashe ya aika Dosso an wanko masa hoto guda babba, yana ɓoye da shi, so yake ya yi masa katako ya rataya a shago. Ya shiga ɗaki ya fito da shi, ya warware a gabansu yana murmushi kamar ango.

Fuskar Soja ce, ta kai faɗin faifai. Idanu biyu kamar an kife ƙwarya biyu, sun haɗe a tsakiya, jajaye, cike da ƙananan ramuka irin na saƙar zuma. Ƙasa da su gashi tsaitsaye, sai baki mai ƙugiyoyi, a buɗe kaɗan. Ni da na san abin, sai da tsigar jikina ta tashi. Fa'iza ta fasa kuka ta shige bayan uwarta. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Na tsufa ina ganin mazari," in ji ta ta cikin mayafi. "Wanga ba mazari ba ne."

Rashid ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi. Sannan ya ce, "A nan kam Gwaggo ta yi gaskiya."

Na sa baki. Na ce girma kawai aka ƙara masa, kamar yadda ake yi wa hoton 'yan takara lokacin zaɓe.

"In an ƙara ma ɗan takara girma, ƙugiya ka hito mai a baki?" in ji Gwaggo. "Kai ma da kake kai shi, a duba ka."

Murmushin Sallau ya tafi. Ya naɗe hoton a hankali. Abin da ya fi kowane abu kyau a idonsa ya nuna musu, shi ne kuma ya zama shaida a kansa.

Bai yarda da girka ba, bai yarda da ruƙiyya ba, kuma ba wanda ya ɗaure shi. Abin da ya faru ya fi haka sanyi. Mutane suka daina zuwa shago. Mata suka ce ba su tsayawa gaban idon da ya ga wancan abin. Aka kira shi biki, yana ɗaga kyamara uwar amarya ta tare da zane ta ce a sallame shi. Lantana in ta je famfo sai hira ta mutu. A lakwal yara suka sa wa Amira da Fa'iza suna, 'ya'yan mijin Doguwa, har Amira ta ce ba ta ƙara zuwa. Wannan ne ya karya shi. Ya je gaban Baba Ɗanmalam da dattawan unguwa, ya durƙusa, ya yi alkawarin ba shi ba bakin tabki. Ya kwance robar, ya mayar da idon daidai.

Ya cika alkawari. Masu hoton kati suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Ƙafar ma ta dawo. Yanzu har in yana ɗaukar hoto sai ya jingina da bango, don rawar na hawa har hannu. Ya share shago, ya sake sharewa. Ya canja wa benci wuri. Ya fita, ya shigo, ya fita. In motar Agadas ta yi ham, sai ka ga wuyansa ya juya kafin shi ya sani.

Na rasa dabara. Wata rana na kamo mazari a bayan gari, na ɗaura masa zare a wutsiya yadda muke yi muna yara, na kawo masa shago a cikin hulata. Na ce ga shi har gida, ba tabki, ba tsamiya, ba mai cewa komai. Ya karɓa, ya sa farce ya kwance zaren da ƙyar, ya kai shi ƙofa ya buɗe tafi.

"Na gode, abokina. Amma wanda anka kama ba shi yin komi sai neman tashi. Mi zan ɗauka?"

Lantana na ganin duk abin da nake gani. Ita ce ta yi abin da ban yi tsammani ba. Ta yafa mayafi ta tafi gidan Baba Ɗanmalam ita kaɗai, ta durƙusa ta ce a sake mata miji daga alkawarin nan. Ta ce gara a kira ta matar mahaukaci tana ganinsa, da a kira ta matar mai hankali yana wata ƙasa. Tsohon mutumin kirki ne, bai taɓa nufin sharri ba, tsorata ya yi. Ya ce ya yafe sallamar, ya kuma sake shi, sai dai ban da wancan tabki, ban da tsakar rana.

Ta dawo da gudu-gudu ta gaya mana. Ban ko kashe babur ba, na ce ya hau.

Amma an daɗe da girbi. Tabkin farko da muka je, taɓo ne ya tsattsage, da sawun shanu. Na biyu haka. Muka yi ta yawo a ranakun da suka biyo, ina barin fasinja a tsaye. Muka bi fadama wajen Tibiri inda masu lambu ke ban ruwa da inji, muka samu wasu 'yan mazari sirara farare-farare a bakin kwalbati, ba su ko tsayawa. Wani ya ce akwai ruwa wajen Sukukutane, muka shiga yashi har babur ya riƙa tafasa, muna sauka muna turawa, muka isa muka tarar da rami da ƙashin jaki. Sallau ya tsaya a tsakiyar busasshen tabkin yana juyawa, kyamara a wuya, robar a hannu.

"Ba komi," na ce. "Damina na tahe. Jira kawai za mu yi."

"Jira," in ji shi, kamar na ce ya ɗauki dutsen garinmu a ka.

Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya jure sanyi. Bazara ta shigo, zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa, ba biki, ba suna, ba jarrabawa tukuna. A lokacin ne wasu samarin garin Dogon Kiriya suka sauka a tasha daga ramukan zinariya na arewa, can bayan Agadas, za su koma bayan sun ga gida. A ƙofar shagonsa suke shan shayi. Na kore su sau ɗaya, suka yi mini dariya.

Wata safiya ya zo inda muke tsayawa da baburanmu, da jakar nan da na tsana. Ya ce in kai shi tasha. Tashar da ke gabanmu, ana hango ta. Na ce ban zuwa. Tun da na fara kabu-kabu ban taɓa ce masa haka ba. Ya sa kai ya tafi a ƙasa, na bi shi ina tura babur, ina zaginsa, ina tuna masa uwarsa, ina tuna masa maganar Lantana. Ban san sanda jakar ta dawo hannuna ba.

"Ishaku, ba tahiya ba ce. Jiran ne zan yi a can. In na zauna nan ina kallon sama, haukan da sunka ce ina da shi zai zama gaskiya."

"Lantana fa?"

"Ba ta hito ba. Ta ce ta gama magana." Ya karɓi jakarsa. "Da ka ga hadari ya haɗu gabas ka kira ni. Kahin tabki shi cika ina nan. Ka aje mini kara masu kyau."

"Ƙarya kake, ɗan banza."

"Direban ƙafa biyu," ya ce, ya rungume ni. Ya shiga mota, ya zauna bakin taga, bai daina gyara zama ba har suka fita.

Ya kira 'yan lokuta, muryar na yankewa, kullum tambayarsa ɗaya, ko an ga alamar ruwa. Ranar da aka yi ruwan shuka na tsaya a cikinsa na kira shi don ya ji ƙararsa a kan kwanon rufi. Layin bai shiga ba. Na kira washegari. Na yi ta kira, ina tuƙi ina kira, har fasinja suka fara yi mini faɗa.

Gero ya kai gwiwa sannan wani saurayi mai suna Mukhtar, cikin 'yan Dogon Kiriyan nan, ya zo yana tambayar Ishaku ɗan kabu-kabu. Da na ga ya cire hula kafin ya yi magana, na sani. Rami ne ya rufta da su Sallau. Sun tono shi da hannu, sun yi masa sutura da abin da suke da shi, sun yi masa salla, sun rufe shi a gindin wani dutse. Ni na kai wa Lantana labarin. Ba zan rubuta yadda ta yi ba.

A zaman makoki Gwaggo ta ce mutanen ruwa ne suka bi shi don an ƙi su. Rashid ya ce ajali ne, ya yi kuka sosai, shi ya ɗauki nauyin komai, har yau shi ke kula da karatun yaran. Lantana ta gama takaba ta koma Kore Mairuwa. A gari kuwa, in an tuna shi, cewa ake yi wannan mai hoton da iska ta kora. Ba iska ba ce. Mutum ne da Allah ya yi shi ba ya iya tsayawa, ya samu abu ɗaya tak a duniya da ke tsayar da shi, ƙaramin abu, abin da yara ke wasa da shi. Damina ɗaya ya samu.

Kafin Mukhtar ya tafi na riƙe shi na ce ya gaya mini yadda Sallau yake a can. Ya ce haƙar ba ta karɓe shi ba, amma kowa na sonsa. Ranar Juma'a, da ba a shiga rami, yakan tara su ya ce kowa ya wanke fuska, ya ara wa marar riga riga, ya tsayar da su ɗaya bayan ɗaya yana ba su dariya har ya ɗauki hoto, don su aika gida iyayensu su ga kamar suna cikin daɗi. Ya ce hotonsa, shi Mukhtar, da uwarsa ke riƙe da shi yanzu, Sallau ne ya ɗauka.

Na tambaye shi ko zai iya kai ni wurin dutsen. Ya sunkuyar da kai ya ce duwatsun can duk kamarsu ɗaya, ko shi ba zai gane ba.

Sallau, abokina, ɗan uwana, ban wanke ka ba, ban san inda kake kwance ba. Allah ya san wurin. Ya yalwata maka shi, ya sanyaya maka, ya yafe maka, ya raya Amira da Fa'iza. Mu da muka rage, ya sa mu cika da kyau.